Sabon Murhun Baba Gavril

Insfekta Tudose bai gama shan kofi na safe ba aka kira shi a waya. An tarar da Baba Gavril na ƙauyen Runcu a mace, kwance a kan dakalin sabon murhunsa.

Da kaka ne 'yarsa Rodica ta sa aka rushe tsohon murhun gidan, wancan mai buɗaɗɗen baki da ke cinye itace ya bar mutum gaba zafi baya sanyi. A gurbinsa aka gina irin na yanzu: tulin bulo har kusa da rufi, da ƙofar ƙarfe. A hura wuta sau ɗaya, ta ci ta mutu, bulo ya yi ta ba da ɗumi har gobe.

Tudose ya tarar da likita yana rufe jakarsa. A kan tebur ga ragowar tuwon masara da cuku.

"Iskar garwashi ce," in ji likita. "Ba wari, ba hayaƙi. Ya ci abincin rana jiya, ya kishingiɗa, shi ke nan."

Tudose ya taɓa ƙarfen da ake turawa a toshe bututun hayaƙi idan wuta ta mutu. A buɗe yake. Ke nan ba tsohon ne ya yi gaggawar rufewa ba.

"Wa ya gina murhun?" ya tambayi Rodica, wadda ke tsaye a bakin ƙofa idanu jawur.

"Nechifor."

Gaban Tudose ya faɗi. Nechifor ɗin nan shi ya gina wa mahaifiyar Tudose nata, sak irin wannan, a ƙauyensu da ke bayan dutse. An bar shi yana bushewa, kuma yau ne za ta fara hura masa wutar kirki. Ya fita tsakar gida ya kira ta.

"Mama, kada ki hura murhun nan."

"Ko ina kwana babu? Haka ake koya muku a aikin ɗan sanda?"

"Mama, mutum ya mutu a kan irinsa."

"Ni kuma sanyi zai kashe. Ka ji tarin nan? Kai ka sa aka rushe mini na da, yanzu ka ce in zauna ina kallon bulo."

"Ki je gidan maƙwabta."

"In je in ji surutun matar nan? Gara kabari. Na ba ka zuwa ƙararrawar coci ta yamma. Tana bugawa zan ƙyasta ashana."

Ta kashe wayar. Ya san uwarsa, ba ta faɗa ta fasa. Hanyar dutse kuwa dusar ƙanƙara ta rufe ta tun shekaranjiya.

Ya koma ciki.

"Akwai wanda mahaifinki ke rigima da shi?"

"Babu, Yallaɓai. Kowa nasa ne."

Ta faɗi haka tana kallon ƙasa. Ya ƙyale ta tukuna.

Nechifor yana zaune a motar 'yan sanda. Sajen da ya rako Tudose ne ya sa shi ciki, don maza sun fara taruwa a bakin shinge suna zaginsa. Ƙato ne.

"Ka sha giya ranar da ka haɗa bututun?"

"Ko ɗigo, Yallaɓai."

"Kai, Nechifor. Daga nan nake jin warinka."

"To, kofi ɗaya. Mai gida ne ya ba ni, a ƙi a ce raini. Amma murhuna ba ya kisa."

"Na uwata fa?"

Nechifor ya buɗe baki, ya rufe. Wannan shirun ya fi komai tayar wa Tudose hankali.

Ya ja shi zuwa ɗakin, ya dunƙule tsohuwar jarida ya kunna a cikin murhun. Wuta ta kwanta ta bi ciki, hayaƙi ya zuƙe sama, ko kaɗan bai dawo ɗaki ba. Ya sake, haka dai. Yau murhun yana ja. Jiya fa? Abin da yake aiki yau ya kashe mutum jiya, ta yaya zai ce wa tsohuwa ta kwanta kusa da irinsa?

Ya duba agogo. Rana ta wuce tsaka.

Ya zaga bayan gida. A cikin dusar ƙanƙara, jikin bango, ga ramuka biyu a jere, irin waɗanda ƙafar tsani ke bari. An share sawun mutum da tsintsiya, amma an manta da su. Ya sa aka kawo tsani ya hau, gwiwarsa na ƙara. A bakin bututun kunkunniya ta yi baƙi ko'ina, sai wani layi miƙaƙƙe mai kusurwa huɗu, kamar an ɗora wani abu mai faɗi an ɗauke.

Ya sauko ya tsaya gaban Rodica.

"Ina bulon tsohon murhun? Ban ga ko ɗaya a gidan nan ba."

Ta kau da kai.

"Rodica, ba ni da lokaci. Wallahi ba ni da shi."

"Baffa Pintilie ya kwashe a baro," ta ce a hankali. "Ƙanen Baba ne. Ya ce a gaban murhun nan aka haife su, kakana ya gina shi da hannunsa. Ranar da aka rushe, kuka ya yi a tsakar gidan nan. Tun daga nan ba sa magana."

Gidan Pintilie shinge ɗaya ya raba shi da na yayansa. Tudose ya same shi yana faskare, siririn tsoho mai hular fatar rago. Bulon nan baƙi yana jere a gindin bango, an lulluɓe shi da buhu kamar mara lafiya.

"Sannu da aiki, Baba. Allah ya jiƙan yayanka."

"Amin. Na gaya masa. Akwatin bulo ba murhu ba ne. Ku kama ɗan giyar nan kawai."

"Yaushe rabonka da gidan?"

"Tun da suka rushe aikin ubana ban taka ba."

"Jiya da rana kana ina?"

"Ɗaki. A wannan sanyin ina za ni?"

Tudose ya waiwaya. Idonsa na kan tagar rumfar itace. Gilasanta duk sun dushe da ƙura da saƙar gizo, sai guda ɗaya yana ƙyalli, an wanke shi tas. Ya matsa ya danna yatsa a danƙon da ke riƙe da shi. Yatsan ya nutse.

A ƙauyukan nan ba wanda bai san wannan wasa ba. Samari su hau rufi su ɗora gilashi a bakin bututu. Hayaƙi ya cika ɗaki, mai gida ya leƙa ta ƙasa ya ga sarari fes, ya rasa abin da ya toshe, ya fito yana tari yana zagi, su kuma suna bayan shinge suna dariya. Tudose da kansa ya ga an yi wa limamin cocinsu yana yaro.

"Baba, wa ke wanke gilashi ɗaya a tsakiyar sanyi?"

"Ni. Laifi ne?"

"In na cire shi na hau da shi rufin yayanka, zai zauna daidai kan layin da ke can. Mu je tare, ko ka hutar da gwiwata?"

Pintilie ya daɗe yana kallon gatarin da ke hannunsa. Sannan ya jingine shi, ya zauna a kan kututture.

"So nake ya fito yana tari," ya ce. "In tsaya a nan in ce, Yaya, ina murhun birnin? Ya ji kunya, ya rushe, mu mayar da na Baba. Ga bulon na ajiye, ko ɗaya bai fashe ba."

"Sai me ya faru?"

"Na ga hayaƙi ya tashi, na je ciro gilashin. Kafin in hau, hayaƙin ya ragu. Na ɗora, na dawo na laɓe. Na jira, na jira, ƙafata ta mutu. Bai fito ba. Na ce ashe abin nan ko hayaƙi ba ya yi. Da yamma na je na ɗauke, ina jin haushi." Muryarsa ta karye. "Ta taga na hango shi kwance. Na ce duba shi, yana barcinsa har da jin daɗi."

Ashe wutar ta riga ta zama garwashi, ba hayaƙin da zai kore shi, sai mugunyar iskar da ta cika ɗaki. Tudose ya riga ya ciro waya. Ta yi ta ringi. Can ƙasan kwari ƙararrawar Runcu ta fara bugawa, sannan aka ɗauka.

"Mama, hura. Murhun lafiyarsa lau. Amma kada ki rufe bututu sai garwashi ya mutu murus."

"Ni za ka koya wa wuta? Ashanar tana hannuna."

Ya sauke numfashi, ya yi wa Saje alama ya saki Nechifor ya kawo motar. Ankwa na aljihunsa, bai ciro ta ba. Pintilie ya miƙe da kansa, ya cire hular ya riƙe a ƙirji.

"Yallaɓai, don Allah a bi da ni ta baya. Kada Rodica ta gan ni."

"Hanya ɗaya ce a Runcu, Baba," in ji Tudose, ya kama hannunsa.

Rodica tana tsaye a bakin ƙofa lokacin da suka wuce.