Makin da Ta Ɓoye

A garinmu na jihar Ohio akwai wata yarinya 'yar ajin ƙarshe a sakandare. Burinta ta zama likitar dabbobi. Ga ƙoƙari, amma ga zurfin ciki.

Jami'ar da take so ta ce aika makin jarrabawar shiga ba dole ba ne. Wanda ya ga dama ya aika.

Yarinyar ta ci maki 1280 cikin 1600. Har tsalle ta yi don murna. Sai ta buɗe waya, ta ga yaran manyan makarantu suna taƙama da 1500. Jikinta ya yi sanyi.

Da yamma mahaifiyarta ta dawo daga tuƙa motar 'yan makaranta. Ta ce, "Nawa kika ci, 'yar lelena?"

"Ba wani abin kirki, Mama. Ba zan ma aika ba."

"Kin tambayi Malama Pruitt ta makarantarku?"

"Haba Mama, sai na je na ji kunya?"

Haka ta cike takardar neman shiga babu maki. A watan Maris amsa ta zo. Ba a ɗauke ta ba.

Sai a lokacin ta shiga ofishin Malama Pruitt, mai ba ɗalibai shawara. Ta faɗa mata makin, murya ƙasa-ƙasa.

Malama ta cire tabarau. "Ke! Shekarata tara a nan, ban ga wanda ya ci haka ba!"

"Amma wasu sun ci 1500, Malama."

"Da yawansu malami aka ɗaukar musu a gida. Ke littafi ɗaya kika ara a laburare. Jami'ar nan tana duba makarantar da yaro ya fito. Da sun ga makinki, wataƙila da sun ɗauke ki. Kullum ta ƙofata kike wucewa!"

Yarinyar ta fashe da kuka. Wannan jami'a dai ta wuce ta, kuma abin ya daɗe yana damunta.

Amma akwai wata ƙaramar jami'a da ba ta rufe karɓar takardu ba. Suka cike takarda tare, da maki a ciki. Aka ɗauke ta.

Ta rungume Mama ta ce, "Da ma na ji maganarki."

Yara, kada ku raina abin da kuka samu don kun ga na wani. Idan ba ku sani ba, ku tambaya tun da wuri.