Igiyar da Dogo Ya Saki

Dab da magariba aka aiko wa Dogo ya zo ya ɗauki akuyarsa. Mai lambu ya kama ta tana cin kabeji, ya ɗaure ta, ya kuma rantse in ta kwana a wurinsa, da safe kasuwa za ta.

Akuyar ma ba ta Dogo ba ce, ta matarsa ce. Ita kaɗai ta bar masa ran da ta kwashe yara ta koma gidan yayanta. Ba faɗa suka yi ba. Dogo ne ke zabura cikin barci yana ihu, ran nan har ya make ƙaramar 'yarsu da gwiwar hannu bai sani ba. Matar ta ce, "Baban yara, ba gudunka nake ba. Ran da ka yarda aka duba ka, ka aiko, ko tukunya na kan wuta zan sauke in taho." Ya ce shi lafiyarsa lau. Ta tafi. Gida ya rage daga shi sai akuya, sai kwano ɗaya da yake wankewa ya kife.

Haƙar rijiya Dogo yake yi a da, shi da amininsa Gajere. Gajere a ƙasa, Dogo a sama riƙe da igiya, don in Dogo ya shiga rami kansa na leƙowa waje. Da igiyar suke magana. Ja ɗaya, turo bokiti. Ja uku, fito da ni. Bara suna haƙa a gefen lambun nan, bango ya rufta. Igiya ta ja uku a hannun Dogo. Ya ja, ba ta zo ba. Ta sake ja uku. Jama'a suka taru ana tono da shebur da hannu, igiyar na ta ja, har rana ta faɗi ta daina. Sai washegari aka fito da gawar Gajere. Aka cike ramin, aka zuba kankare a kai.

Tun ranar Dogo bai ƙara taɓa igiya ba. Mazagin wando ma ya gagare shi, ya koma mai roba. Akuya ta samu 'yanci, shi ya sa take cin kabejin mutane. In ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai gumi ya karyo masa. Ya bar bin hanyar lambu, ya bar zama cikin mutane.

Ni da kuke gani na taɓa kwana ɗaki ɗaya da aljani, shi ya fara roƙon a kunna fitila. Amma abin da ya samu Dogo a yammacin nan, in na tuna sai na gyara zama.

A bakin layinsu akwai wani tsohon ɗan kwana-kwana mai gyaran rediyo. Da shi aka yi tonon Gajere. Ya hango Dogo yana tafiya kamar mai taka ƙwai.

"Dogo, ina zuwa da wandon yara?"

"Lambu, Baba. Akuya suka kama."

Tsohon ya ajiye sukuddireba. "Har yanzu hannun yana ja?"

Dogo ya cusa hannun cikin aljihu.

Tsohon ya ce, "Ni nawa hayaƙi ne. Na shekara ina jin ƙaurin wani gida da muka kashe gobararsa, ko a masallaci. Na yi hayaƙin magani har sauro ya ƙaurace wa unguwa. Likita ne ya ce ciwo ne, mai kama wanda ya ga tashin hankali. Ranar ta wuce, jiki bai samu labari ba. Ana warkewa. Zo in kai ka."

"Ni mahaukaci ne, Baba?"

"Mahaukaci na samun barci, ya fi ka. To ji. In abin ya zo, taka ƙasa da kyau. Sauke numfashi a hankali. Ka faɗi abin da idonka ke gani, da baki, ɗaya bayan ɗaya. Ka ce yau ba ranar ba ce."

"Akuya kawai zan ɗauko," in ji Dogo, ya wuce.

Gidaje suka ƙare. Hanya ta tsuke tsakanin shinge da kwalbati. Rana ta yi ja, irin jan da ta yi ran nan. Mai lambu ya riga ya yi ban ruwa ya tafi salla, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Ƙamshin ya shiga hancin Dogo ya sauka har ciki.

Akuyar na ɗaure a jikin gwaiba. Can gefe, ga kankaren. Bai kalli wajen ba.

Ya tsaya kan igiyar ya daɗe. Sabuwa ce, mai kaushi. Ya kwance ta da 'yan yatsu biyu kamar mai ɗaukar kunama. Hannu kuwa bai manta aikinsa ba. Kafin ya ankara ya naɗe ta a wuyan hannu, yadda ya saba.

Ya juya. Akuya na biye da shi a baya, ƙaf, ƙaf, ƙaf. Kwaɗi na kuka a kwalbati.

Igiya ta ja.

"Taho, 'yar banza," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ta sake ja. Ta ƙara.

Uku.

Kwaɗin suka yi tsit.

Wani abu ya gogi ƙafarsa. Ya duba. Akuyar ce ta wuce shi, tana tauna ganye, ta yi gaba abinta. Wuyanta ba komai.

Igiyar na nan a hannunsa. A miƙe. Tana komawa baya.

Bai waiwaya ba. Sanyi ya taso ta ƙeyarsa, irin sanyin ƙasan rami. Ya ji tsakuwa na gangarawa, tana faɗawa ruwa can nesa. A wurin da babu rami.

"Dogo."

Muryar a toshe take, kamar bakin cike da ƙasa.

"Dogo, ja mana. Rana na faɗuwa."

Ya ja. Wallahi ya ja, da duk ƙarfinsa, yana kuka kamar yaro. Igiyar ba ta zo ba. Shi ne ya tafi. Takalmansa suka ja layi biyu a laka. Ya sake ja, ya sake matsawa baya. Diddigensa ya bugi bakin kankare.

Kankaren na numfashi. Yana ɗagawa, yana sauka.

Ya ji ihun mutane da ƙarar shebur. Ƙafa ɗaya ta fara nutsewa.

Ya taka ɗayar da kyau. Ya sauke numfashi, ya fito a kakkarye.

"Gwaiba," ya ce.

Igiya ta ja.

"Shinge. Tsohuwar taya. Kabeji."

Ƙarar shebur ta ja baya.

"Akuya. Akuyar matata. Yau ba ranar ba ce."

"Dogo."

"Na ja, Gajere," ya ce cikin raɗa. "Ka san na ja. An fito da kai. Ni na ɗauki makararka ta gaba, ka yi nauyi, ɗan gajeren banza."



Ya warware naɗin, zagaye bayan zagaye. Ya buɗe tafin hannu.

Igiyar ta zare, fuuu, ta ɗebe masa fata, ta shige duhu.

Kwaɗi suka ci gaba da kuka.

Ya sungumi akuya a kafaɗa. Mutum mai tsawon Dogo in yana gudu da akuya tana ihu, abin dariya ne, amma ɗan kwana-kwana bai yi dariya ba. Ya zaunar da shi, ya wanke masa hannu, ya bar shi ya yi magana har ya gaji. Ranar Dogo ya fara ba wani labarin da bakinsa.

"Baba, gobe ka kai ni," ya ce. "Kuma a aika gidan yayan matata."

Da safe tsohon ya je lambu ya ga igiyar. Ya ce a jikin wani rodi da ya leƙo daga kankare ta maƙale, akuya kuma ta zame wuyanta, shi ke nan. Likita ma ya ce ƙamshin ƙasa da jan rana da igiya a hannu sun isa su mayar da mutum ranar. Ya sa Dogo zuwa duk mako suna magana. Na yarda da su. Sai dai ni ma na ga igiyar, don ba a yin abu a unguwa babu ni. Bakinta na da ɗanyen jan yumɓu, irin wanda sai an yi zurfi sosai a ƙasa ake samu. Ban gaya wa likita ba. Yana da aiki da yawa.

Dogo bai warke rana ɗaya ba. Ya bar ihun barci a hankali, kuma har yau wandonsa mai roba ne. Amma shi ya ɗaura wa matarsa igiyar shanya da ta dawo, tana tsaye tana kallo.

Wani lokaci da magariba hannun kan motsa. Sai ya buɗe shi a kan gwiwa, ya sauke numfashi, ya fara faɗin abin da yake gani.

"Ƙofa. Akuya. Kwanoni."

Ƙaramar 'yar takan rugo ta tsaya a gabansa, ta riƙe ƙugu.

"Baba, ni fa?"

"Da ke," ya ce.