Yashi a Cikin Injin Fatsa

Ranar da suka fara haɗuwa babu wanda ya yi wa ɗan'uwansa murmushi. Saurayin masunci ne, ya shigo shagon gyaran da ƙarnin kifi a rigarsa, ya dangwarar da injin fatsarsa a kan tebur, wato ɗan abin nan da ke naɗe zare a jikin sandar kamun kifi, ya ce ya ƙi juyawa. Ita ce a bakin tebur. Idon mahaifinta ya yi rauni, don haka aikin ya dawo hannunta, tsohon yana zaune daga ciki yana sauraron komai.

Ta kwance murfin, ta leƙa, ta yatsina fuska.

"Da me kake shafa masa?"

"Baƙin man babur mana."

"Ai ya nuna. Boris biyu sun tafi, sai an wanke shi duka an sa giris." Ta faɗi kuɗin.

"Wannan ai rabin kuɗin sabo ne. Gyara kike yi ko fashi?"

"Ga ƙofa can. Mai sayar da sababbi yana tsallaken titi."

Bai tsallaka ba. Ya biya yana ƙunƙuni, ya bar lambarsa, da zai fita ya ce, "Sai anjima, Malama Tsada." Ta ja tsaki. Amma maganar gaskiya, sai da ya sha kwana ta ɗauke idonta daga titi.

Washegari ta tura masa saƙo: "An gama. Ka zo ka kwashe kayanka, shagonmu ba ma'ajiya ba ne."

"Na gode, Tsada. Allah ya rage miki zafin rai."

"Kai kuma Allah ya ƙara maka hankali."

Bayan mako biyu ya dawo, injin yana gurza. Ta wanke, ya biya, suka yi cacar baki. Bayan kwana goma ya sake dawowa. A karo na uku ta zazzage dattin a kan farar takarda, ta murza da yatsa. Yashin kogi laushi gare shi, ta san shi tun tana ƙarama. Wannan kuwa kaifi ne da shi, ga ƙurar siminti.

Ta rage murya don kada tsohon ya ji. "Yaushe aka fara gini a cikin kogi?"

Masuncin ya kau da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Awa uku nake yi da burushi ina tsince wannan, har wuyana ya ƙage. Ashe da hannunka kake zubawa."

"Ban san wata hanyar ganinki ba," ya ce. "Kin fi ƙarfin sallama."

"To ka koyi sallama kamar ɗan mutane, Mai Yashi."

Ta ji haushinsa ƙwarai, ta kuma ji daɗi, haushin jin daɗin ma ya fi damunta. Ta share takardar, ba ta gaya wa kowa ba. Daga nan ya fara zuwa hannu rabbana, yana tsayawa a bakin tebur suna faɗan da babu mai son ya ƙare.

Sai dai akwai mai ido a kansu. Mai sayar da sababbin nan ya daɗe yana kai gaisuwa wurin tsohon saboda ita, kuma ginin da ake ɗebo yashin a bayan shagonsa yake. Jin cewa manyan masuncin suna shirin zuwa neman aurenta, sai ya tsallako titi ya zayyane wa tsohon komai.

Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya sallame shi da cewa mai sayar da abin da ba a iya kwancewa ba surukinsa ba ne. Sannan ya juya ga 'yarsa.

"Shi ma wancan kada ya sake tako min shago. Wanda zai lalata abin da yake ci da shi don ya ga mace, ranar da ya ga wata, ke zai zuba wa yashi."

Da yamma saƙo ya shigo mata: "Ashe ke kika kai ni wurin Baba? Na gode."

Ta amsa: "Wanda ya zuba yashi da hannunsa ne yake neman wanda zai zarga? Kada ka sake kirana."

Mako guda babu wanda ya nemi wani. Mai gulma ba ya iya riƙe nasararsa, shi da kansa ya yi ta ba da labari a bakin kogi har masuncin ya ji. Ya zo shagon da safe, ya durƙusa, ya ba su haƙuri su biyun. Ita ko kallo bai ishe ta ba.

"Miƙo injin naka," in ji tsohon.

Da lalube ya kwance shi, ba ya buƙatar ido. Noti, washa, sifirin, haƙora, ya zube su a faranti, sun fi arba'in, ya kaɗa farantin suka cakuɗe.

"Ka mayar da shi yadda yake, a nan, da hannunka. Ranar da ya juya sai mu yi magana. Ke kuma kada ki sa masa yatsa."

"Dama wa ya ce zan sa?" ta ce.

Kullum da safe abokansa suna kan ruwa, shi yana kan benci da faranti. Yatsun da suka saba jan igiya sun kasa riƙe noti ɗaya. Rana ta huɗu sifirin ya yi tsalle, masuncin ya yi rarrafe har ƙarƙashin kujerar tsohon yana nema.

"A hankali, kada ka haɗiye shi," ta ce.

"Tsada, wallahi kuɗin da kike karɓa ya yi kaɗan."

"Yau ka sani?" Ta juya baya da sauri, don dariya ta kusa tona ta.

Rana ta tara ya miƙa wa tsohon. Tsohon ya kara injin a kunne, ya juya mariƙin sau uku, ya ajiye.

"Washa ɗaya a kife take."

Masuncin ya sunkuyar da kai. Kwana tara ya yi babu kifi, babu ko kwabo, ga shi ya faɗi. Ya miƙe zai fita.

"Baba," ta ce, "ni ma na farko da na haɗa, biyu na kife. Ba ka kore ni ba."

"Ke wa ya tambaye ki?"

"Babu. Amma ina son sa, Baba, da wautarsa da komai."

Tsohon ya sake ɗaukar injin, ya shafa shi. Can ya tura injin gaban saurayin. "Zauna ka gyara. In ka gama ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure, bayan jama'a sun ragu, tsohon ya laluba ya kamo hannun ango, ya riƙe da ƙarfi har sai da ya ji zafi.

"Duk abin da ka ɓata a duniya ka kawo min, zan duba. Wannan yarinyar kaɗai ce ba ni da kayan gyaranta. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

Sai muryar tsohon ta karye. Ya ɗora hannun 'yarsa a kan na mijinta, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa su tsufa tare. Amarya da ba a taɓa ganin hawayenta a shago ba ta kasa cewa amin, sai mijinta ya faɗa musu su biyun.