Ƙofar da Zuhura Ta Tsare

Zuhura tana durƙushe a tsakar gida tana tace gasarar koko sai ta ji babur ya tsaya a ƙofa. Ta ɗago kai. Hanane ce, 'yarsu tilo, ta shigo tana jan akwati da cikinta wata bakwai. Haka ake yi a Zongon Lomé, mai cikin fari gaban uwarta take dawowa ta haihu.

"Maman! Papa ya sauka jiya ba ki kira ni ba? Yana ina?"

Zuhura ta miƙe ta tare hanyar ɗakin baya. "Yana hutawa. Koma Avédji gidan mijinki, sai na neme ki."

"Pardon? In koma? Maman, me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Ki tafi na ce!"

Yarinya ta juya tana kuka. Zuhura ta tsaya da hannu duk gasara har ƙarar babur ta ɓace, sannan nata hawayen suka zubo.

Malam Ilyas, mijinta, fiton kaya yake yi a tashar jiragen ruwa ta Lomé. Ciwon daji ne ya kama shi a ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar maza, har ya bi ƙashi. Da allurai da ƙwayoyi suka daina aiki, ya sayar da filinsa na Cacavéli suka tafi Indiya. Can aka ɗura masa wani magani ta jijiya, mai bin jini yana neman ciwon yana ƙona shi. Sai dai likita ya ja musu kunne: maganin yakan yi kwanaki yana fitar da wani tururi daga jikin mutum wanda ido ba ya gani. A raba shimfiɗa, a raba banɗaki, mai ciki da ƙananan yara kuwa kada su matso kusa sai mako ya wuce.

Da a nan maganar ta tsaya da sauƙi. Amma Malam mutum ne mai kunya, irin wanda ko a gaban likita sai ya sunkuyar da kai. Dangi ciwon baya suka sani.

"Ki rantse mini, Zuhura," in ji shi tun suna can. "Ciwon nan ba a wurin faɗa yake ba. Kuma yarinyar nan in ta ji kalmar daji a halin da take ciki, ban san abin da zai faru ba."

Ta rantse. Ita dai haka take, in ya roƙa ba ta iya cewa a'a.

To, wanda ya san Zongo ya san dubiya. Maras lafiya ba ya kwana shi kaɗai: a cika ɗaki, a riƙe hannunsa, a tofa addu'a, a ɗora masa jikoki a cinya. Kafin azahar mata sun fara sallama da kwanuka, kowace da goyo. Zuhura ta riƙa karɓar kwano a bakin zaure tana cewa likita ya hana shiga.

"Wane irin ciwon baya ne ake hana gani?"

"Ni na ga tabarmarta a falo. Ko ɗaki ba ta kwana da shi!"

"Ƙyamarsa take. Dama ta cinye fili, me ya rage?"

Kafin la'asar magana ta kai kasuwa, kuma kowace mai kai ta sai da ta ƙara mata gishiri.

Ita kuwa wadda ake ci da baki tana zaune a dokin ƙofar ɗakin baya, shi yana can ƙurya a kan katifa. Maganin ya busar masa da baki, tuwo ba ya wucewa, sai koko mai ruwa-ruwa. Takan ajiye kofi ta ja baya ya ɗauka.

"Na ji abin da suke faɗa," ya ce a hankali. "Na ɗora miki kaya."

"Ba maganarsu ke damuna ba, Malam. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin kana jin ciwo na kasa dafa ka ba."

Ya juya fuska bango don kada ta ga idonsa.

Washegari da hantsi Hajiya Ummu Hani ta iso. Yayar Malam ce, babbar 'yar kasuwar atamfa, macen da in ta ɗaga murya har liman yakan sassauta tasa. Tana riƙe da hannun Hanane, ga jikokinta biyu a baya.

"Ke Zuhura! Matsa in ga ɗan'uwana."

"Yaya, ke ki shiga ki tsaya daga nesa. Amma ita da yaran nan a'a."

"Ita? 'Yar da kika haifa? Lalle abinki ya girma! Kin killace shi kamar kuturu, kin kori 'yarsa. Yau zan ɗauke shi ya koma gidana, ke kuma ki tattara naki. Auren da babu tausayi me ake da shi?"

"Maman, s'il te plaît, don Allah," in ji Hanane cikin kuka. "Gaishe shi kawai zan yi. Ko kin daina so na ne?"

Wannan tambayar ta soki Zuhura fiye da duk zagin. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, tana nan a bakinta. Ta haɗiye ta, ta buɗe hannuwa ta kama katakon ƙofa gefe da gefe.

Hajiya ta tura Hanane gaba. Zuhura ba ta motsa ba. Sai ji aka yi tas! Marin Hajiya ya sauka a kuncin Zuhura, ɗankwali ya faɗi, mata suka ɗauki salati.

"Yaya!"

Malam ne. Ya dafa bango ya miƙe, rigarsa tana reto a jikinsa.

"Hanane, ja baya. Ja baya sosai, 'yata. Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ciwon daji nake da shi, a ƙasan mafitsara, ya kai ƙashi. Maganin da aka sa mini yana iya cutar da abin da ke cikin yarinyar nan, da waɗannan yaran. Ni na sa baiwar Allah nan ta rantse kada ta faɗa, don kunyata. Jikanki take tsarewa kika mare ta."

Hanane ta zube ƙasa. "Papa! Papa, pourquoi? Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Tsoro, 'yata. Ki yafe wa uwarki, ba ita ta kore ki ba, ni ne."

Hajiya Ummu Hani ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta sunkuya, ita da gwiwa ke ba ta wahala, ta ɗauki ɗankwalin ta kakkaɓe ta ɗaura wa Zuhura da kanta.

"Ƙanwata, ki yafe mini. Rashin sani ya fi dare duhu."

Zuhura ta gyaɗa kai. Hanane ta rarrafo ta rungume ƙafafun uwarta.

Daga ranar, duk lokacin da Malam ya dawo daga karɓar magani a Indiya, Hajiya ce ke zama a zaure tana mayar da masu goyo, kuma ba a samu mai bakin tambayarta dalili ba. Ciwon ƙashin ya lafa, har ya koma masallaci da ƙafarsa. Da Hanane ta haihu, shi ya yi wa jikansa huɗuba, ya sa masa Ismaël. Amma maganin jinkiri ya saya masa, bai warkar ba. Bayan Babbar Salla jiki ya sake rikicewa.

Ranar da ya ji abin ya zo, ya sa aka tara dangi, ɗaki ya cika. Kansa yana kan cinyar Zuhura.

"Ku zama shaida," ya ce, muryar da ƙyar take fita. "Matar nan ta sha zagi da mari don ta rufa mini asiri. Na yarda da ita duniya da lahira. Wanda ya ɓata mata bayan raina, ni ya ɓata wa."

Bai kai la'asar ba.

Haka haƙuri yake, ɗaci gare shi amma ba ya tashi a banza. Kada a yi saurin yanke wa mutum hukunci daga bakin zaure, kuma kunyar faɗin ciwo nauyi ce da masoyi ke ɗauka. Zuhura ta rasa mijinta, ta yi kuka har ta gode Allah. Da ta gama takaba danginta suka zo tafiya da ita, Hajiya Ummu Hani ta tsaya ta ce, "Ba inda za ta. Ɗan'uwana ya tafi, ita ya bar mini."