Sandar Firintar Mudassira

Ranar da Razak ya fara shiga shagon Mudassira a Bawku, firintarta na girgiza tebur kamar injin markaɗe. Ƙaramar na'ura ce mai narka roba ta fitar da maɓallai da lambobin kunnen shanu, amma komai a karkace yake fitowa. Daga Yendi aka kira shi gyara. Ya dubi na'urar, ya dubi mai ita, kuma gaskiya kallo na biyu ya fi daɗewa.

Ya ce sandar ƙarfen da ke kai-komo da kan firintar ce ta cika nauyi, duk juyin da ta yi sai ta fizgi na'urar. Ya cire ta, ya ɗaura ta alminiyam mai rami a ciki, marar nauyi. Aiki ya fito sumul. Kafin ya isa gida ya tura mata saƙo:

"Hasken idona, firinta ta daina rawa?"

"Ta daina. Ni ce dai ban natsu ba tun da ka hau motar Yendi."

Ba a daɗe ba maganar aure ta taso tsakaninsu. Mahaifinta, Alhaji Issah, dillalin dabbobi ne. Da ya ɗaga rago ya san darajarsa, abin da bai cika masa hannu ba kuwa bai yarda da shi ba. Sha'aban, ɗan abokinsa daga Salaga, wanda ya daɗe yana nacin Mudassira ba ta kula shi, shi ya raɗa masa cewa gwangwani Razak ya maƙala wa firintar 'yarsa. Alhaji ya sa aka kwance sandar, ya auna ta a tafin hannu, ransa ya ɓaci.

Da Razak ya zo gaishe shi a kasuwar dabbobi, a gaban jama'a Alhaji ya kira shi macuci, ya ce maganar aure ta mutu. Mudassira na wurin, ba ta ce uffan ba. Shirun nan ya fi zagin yi wa Razak ciwo, har ya daina kiranta. Ta sha kuka, sannan ta rubuta masa:

"Masoyina, ban yi shiru don na yarda ba. Ba na iya ɗaga murya a gaban Baba. Ka ba ni lokaci."

Lokacin bai yi nisa ba. Alhaji ya buƙaci lambobi don shanun da zai ƙetarar ta iyakar Pusiga, ya sa ta mayar da tsohuwar sandar, ya zauna yana kallo. Lambobin suka fito a dagule, ba mai iya karanta su. Ya zuba ido ga teburin da ke tangaɗi a duk juyi.

"Haka motata ke yi a kwana in an cika ta da shanu," in ji shi a hankali. "Mayar da ta yaron nan mu gani."

Da hannunta ta ɗaura. Na'urar ta yi ta gudu, tebur ko motsi, lambobi raɗau. Alhaji ya karɓi wayarta ya kira Razak a Yendi da kansa.

Da Razak ya iso, a kasuwar dabbobin Alhaji ya tare shi, ya riƙe hannunsa, dillalai suka kewaye su. Sha'aban ya sulale.

"A nan na ci mutuncinka, a nan zan ba ka 'yata. Ka yafe mini, ɗana," in ji Alhaji.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure, dangi suka cika gida daga Salaga da Yendi. Da za a sa amarya a mota, Alhaji ya dafa kanta da na ango, ya ce Allah Ya zaunar da su lafiya, Ya ba su zuri'a ta gari. Mudassira ta amsa da amin, hannunta cikin na mijinta.