Kazar da Ke Saman Bene

Kwana tara ke nan hannun Zaituna a ɗaure, yatsunta sun soma yin baƙi. Shekararta biyu, ko kukan ma ta daina, sai nishi. Zuwaira, uwarta, ta durƙusa gaban Gwaggo Kaltume, ƙanwar uban mijinta, tana hawaye.

"Gwaggo, don Allah ki ba ni iƙamata, katin zamana a ƙasar nan, da makulli in kai ta asibiti. Asibitin Shumaisi ba nisa..."

"Asibiti! Gidanmu gidan ɗori ne tun kaka da kakanni. Ke marainiya, 'yar boko, za ki koya mini ƙashi?"

Tun ranar da yarinyar ta faɗo daga matakala, Gwaggo ta jera mata karare ta ɗaure tamau, ta kulle ƙofar gidansu na unguwar Manfuha a Riyad. Lurwanu, maigidan, yana wurin aikin hanya can cikin sahara. Zuwaira ba ta da kowa a Riyad sai Allah, Shi take kai wa kuka a kowace sujada.

Ranar da zai dawo, Gwaggo ta shinshina hannun, ta ji ya soma wari. Ta kwance kararen ta ƙona, ta naɗa bandeji, ta tare shi a bakin ƙofa da kururuwa.

"Ka ga aikin matarka! Na ce a kai asibiti, ta ce ta karanta a littafi, ta ja hannun da kanta!"

"Baban Zaituna, wallahi..."

"Yi mini shiru!"

Da ya kai yarinyar asibiti, likita ya ce wataƙila a yanke hannun daga gwiwa. Lurwanu ya dawo idonsa jajir, ya jefa wa Zuwaira tikiti. "Jibi za ki koma Kano. 'Yata kuma ba za ki sake ganinta ba."

Da la'asar ta hau saman bene kwashe shanyarta, tana rungume da 'yar rigar Zaituna tana kuka. Ya biyo ta karɓar makullin akwati... sai ya tsaya cak. Daga bayan tankin ruwa wata kaza ta fito tana ɗingishi, ƙafarta ɗaure da ƙananan karare da jan zare.

Ya san wannan ɗaurin. A gidansu kaɗai ake karya ƙafar kaza a ɗora ta tare da majinyaci, kuma ba a yanka ta, wai in ta mutu shi ma ya bi ta. Gwaggo ta iya ƙona karare, amma ta ji tsoron taɓa kazar.

Ya sauko da ita ya ajiye a gaban Gwaggo. "Gwaggo, wannan ma a littafi aka karanta?"



An ceto hannun, ƙaramin yatsa kaɗai aka rasa. Gwaggo ce ta hau jirgin Kano, babu mai rakiya. Lurwanu ya durƙusa a gefen gadon asibiti yana neman gafara. Zuwaira ba ta dube shi ba tukuna, tana sumbatar yatsu huɗun nan tana cewa, "Alhamdulillahi... Alhamdulillahi!"