Ɓawon Rumman ɗin Kaka

A bayan ɗakin Kaka akwai wani ɗan itacen rumman. Tsayinsa bai wuce katanga ba, amma tsohon yana ji da shi sosai. Marigayiya matarsa ce ta dasa shi da hannunta.

Idan rumman ya nuna, yara su sha 'ya'yan, Kaka ya tattara kwasfar ya shanya. Da ita yake dafa wa maƙwabta maganin gudawa. Kullum kuma sai ya ce, "Idan ta kwana ba ta tsaya ba, ku tafi asibiti."

Kaka yana da jika 'yar aji biyar. Komai da gudu take yinsa, har cin abinci. Shi ya sa ake kiranta Gaggawa.

Wata rana Malamar kimiyya ta ce wa 'yan ajin, "Gobe kowa ya kawo ganye ko ɓawon wani itacen magani, mu manna a allo. Amma ku tambayi manya tukuna. Kada kuma wanda ya kai komai baki. Wani itacen magani ne, wani guba ne, wani kuma duka biyun ne."

Da Gaggawa ta koma gida, Kaka ya fita aski. Ta jira shi na minti biyu, wanda a wurinta jira ne mai tsawo. Sai ta ɗauko wuƙa ta zagaya bayan ɗaki.

Ta taɓa ganin yadda Kaka yake ɗiban ɓawo. Ɗan siriri yake yanka a gefe ɗaya, ya shafe wurin da laka. Amma ita so take nata ya fi na kowa girma.

Ta zagaye gindin itacen da wuƙa ta sama. Ta zagaye ta ƙasa. Ta ɓare ɓawon gaba ɗaya. Wurin ya yi fari fat, har ya ba ta tsoro. Ta jawo wani tsohon bokiti ta kare shi.

Washegari Malama ta karɓi ɓawon tana jujjuyawa.

"Wannan ya naɗe kamar awarwaro," in ji ta. "Zagaye itacen kika yi?"

"A'a Malama, a ƙasa na tsinta."

Malama ta dube ta, sannan ta juya ga 'yan aji. "Ganye ne ke haɗa wa itace abinci. Ta cikin ɓawo abincin yake sauka zuwa saiwa. Idan aka ɓare ɓawo aka zagaye, an yanke hanyar ke nan."

Ranar Gaggawa ba ta ji daɗin komai ba.

Tun daga nan, kullum ta dawo makaranta sai ta faki ido ta zuba wa itacen ruwa. Gani take ruwa zai gyara komai. Amma bayan 'yan makonni ganyen ya fara yin rawaya. Ƙananan 'ya'yan suka riƙa faɗowa tun ba su nuna ba.

Wata safiya Kaka ya janye bokitin. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon wurin.

Mama ta leƙo ta ce, "Aikin akuyar nan ne, Baba. Na gaji da ɓarnarta. Gobe za a kai ta gidan kawunsu."

Akuyar ta ƙanen Gaggawa ce. Yaron ya rungume wuyanta yana kuka. Kaka dai ya tashi ya shiga ɗaki.

Gaggawa ta kasa cin abinci. Ta dubi ƙanenta, ta dubi akuyar da ba ta san hawa ba balle sauka. Sai ta bi Kaka ɗaki, ta durƙusa a bakin tabarmarsa.

"Kaka, ba akuya ba ce. Ni ce."

"Na sani," in ji Kaka. "Ban taɓa ganin akuya da wuƙa ba. Jira nake ki faɗa da bakinki."

"Ka yi haƙuri. Kullum ina ba shi ruwa."

"Ba ƙishirwa yake ji ba, jikata. Da kin faɗa mini tun ranar, da na yanko 'yan rassa na haɗa ɓawon sama da na ƙasa, na ɗaure. Wataƙila da ya rayu. Yanzu wurin ya bushe."

Wannan maganar ta fi duka ciwo. Ashe akwai dabara, shirunta ne ya ɓata ta. Gaggawa ta yi kuka sosai.

Ta je ta faɗa wa Mama gaskiya. Ta ba ƙanenta haƙuri, akuya ta zauna a gida. Washegari kuma ta sami Malama ta ce mata, "Ƙarya na yi miki."

Kaka ya kawo zarto ya yanke itacen a ƙasan raunin. Gaggawa ce ta kwashe busassun rassan. A shekarar babu rumman a gidan, babu kwasfar shanyawa. Duk maƙwabcin da ya zo nema ya koma hannu wofi, sai ta sunkuyar da kai.

Kaka ya ce, "Mu ga ko saiwar tana da sauran rai."

Ya nuna mata yadda za ta sassauta ƙasa, ta zuba taki kaɗan. Sati uku babu komai sai kututture. A sati na huɗu ta ga wasu jajayen tsiro guda uku a gindinsa.

Ta riƙo hannun Kaka ta kawo shi. Ya sunkuya ya taɓa su da yatsa a hankali. Rabon da ta ga ya yi dariya irin wannan tun kafin ganyen ya zube.

"Itacen ya yafe miki," in ji shi. "Ni ma haka."

Yara, itacen magani yana da rai, ba a taɓa shi sai da sanin manya. Idan kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, tun ana iya gyara shi.